Matar da Ta Yi Shiru a Kan Gwiwa

Akwai wata mace, matar wani manomi, wadda Allah ya ba ta cikin fari. Mace ce mai kirki, mai ƙwazo, ba ta fashin sujada. Sai dai akwai abu ɗaya da take alfahari da shi, ba ta kuwa san alfahari ba ne. A gidan da ta fito, mata ba sa kuka a kan gwiwa. Tun tana yarinya ake ba ta labarin yadda uwarta ta shiga ɗaki da hantsi, ba wanda ya ji ko tarinta, sai kukan jaririya aka ji. Kakarta ma, in ji su, ta haihu da safe, da yamma aka gan ta tana sharar tsakar gida. Ko gaskiya ne ko an ƙara gishiri, ban sani ba. Na dai lura kowace shekara labarin ƙara daɗi yake yi. Ita kuwa ta ƙudurta a ranta ba a kanta za a fara jin raki a danginsu ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na wata tsohuwa ungozoma, wadda rabin mutanen ƙauyen a hannunta suka faɗo duniya. Da cikin ya shiga wata tara, tsohuwar ta zo ta duba ta. Ta daɗe tana laluba cikin, fuskarta ta canja.

Ta ce, "'Yata, yaron nan bai juya ba. Kansa yana sama, ƙafa ce a ƙasa. Ranar da kika ji ciwo, ko kaɗan ne, ki kira ni. In abin ya fi ƙarfina, sai a ɗaura wa shanu amalanke a kai ki asibiti tun da sauran lokaci. Kin ji ko?"

Ta ce, "Na ji, Iya."

Sai ya zamana ranar da mijinta ya kira gayyar yankan dawa a gonarsa mai nisa, a ranar ce ta farka da ciwon baya. Mijin ya ga ta dafa bango, ya tsaya ya dube ta.

"Lafiya kuwa? Ko in fasa tafiya?"

"Lafiya lau, maigida. Ka tafi, mutane suna jiranka."

Ya ɗaura wa shanu amalanke ya tafi, mazan unguwa duka suka bi shi, mata da yawa kuma suka bi su da abinci. Tana tsaye a ƙofar gida tana kallon amalanken nan har ta ɓace, ta kuwa san ba wata amalanke a unguwar.

Da hantsi tsohuwar ta yi sallama a tsakar gida, ta ce, "Yau ban ji turminki ba."

Matar tana cikin ɗaki, ciwon ya sauko mara. Ta daidaita murya ta ce, "Lafiya lau, Iya. Kasala ce kawai."

Tsohuwar ta ɗan tsaya, sa'an nan ta koma gidanta. Matar kuwa ta tashi ta rufe ƙofa, ta sa sakata, don kada wani ya shigo ya same ta a wannan hali.

Da rana ta yi tsaka faya ta fashe. Ta durƙusa, ta kama ƙafar gado, ta cusa bakin zanenta a baki ta cije. Ciwo ya zo ya tafi, ya zo ya tafi, har ya daina tafiya sosai. Gumi ya jiƙe ta sharkaf. Ta bayan katanga tana jin tsohuwar tana ɓarar gyaɗa, kusa ƙwarai, har tana jin saukar ɓawon a ƙwarya. Kalma ɗaya ta isa. Amma duk sa'ad da ta buɗe baki, sai ta tuna da matan danginsu ranar suna, wata tana raɗa wa wata cewa ai ita wannan ihu ta yi ta yi.

Tsohuwar ta sāke ɗaga murya ta kan katanga. "'Yata, kina nan kuwa?"

Ta jira ciwon ya ɗan lafa, ta cire zanen daga baki. "Ina nan, Iya. Barci nake ɗan yi."

Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi. Ƙarfin da ta kashe wajen faɗin wannan ƙarya ya fi ƙarfin da kira zai ci mata.

Rana ta karkata. Sai ta lura da wani abu da ya fi ciwon tsorata ta. Wata da watanni yaron nan yana shurinta, ko abinci take ci bai bar ta ta huta ba. Yanzu ya yi tsit. Ta dafa cikin, ta jira. Ta danna gefe, ta jira. Ba motsi. Nan take dangi da raɗe-raɗinsu suka fice mata daga rai, ba abin da ya rage sai ɗanta.

Ta buɗe baki za ta yi kira, murya ta ƙi fita, gama maƙogwaronta ya bushe tun ɗazu. Ta sāke gwadawa. Abin da ya fito bai fi kukan ɗan tsako ba.

"Iya."

Ga shi kuwa tsohuwar ta riga ta jawo tabarmarta har jikin katanga, ta kasa kunne. Kafin matar ta sāke numfashi, ta ji ana tura ƙofa. Ƙofa ta ƙi buɗuwa.

"Zare sakatar, 'yata."

"Ba zan iya tashi ba, Iya."

"To, ja jiki. Ba namiji ko ɗaya a unguwar nan da zai ɓalle ƙofar, ni kuwa ƙarfina bai kai ba. Ke kika sa, ke za ki zare."

Tsakanin gado da ƙofa taku huɗu ne. Ta ja gwiwa, ciwo ya kayar da ita. Ta sāke ja. Tsohuwar tana waje tana cewa, "Taho, ina nan. Taho." Ta miƙa hannu, yatsunta suka zame. A karo na biyu ta kama sakatar ta zare, ta faɗi a wurin.

Tsohuwar ta shigo ta duba. Ƙafa ɗaya ta riga ta fito. Ta ce, "Lokacin asibiti ya wuce. Yanzu daga ni sai ke sai Allah. Abin da na ce ki yi, shi za ki yi. Kada ki sāke cizon zanen nan. In ciwo ya zo, ki yi nishi, in ihu ya zo ki bar shi ya fita."

Matar ta yi ihu, irin wanda ake ji har bakin rijiya. Jiki ya fito, amma hannu ɗaya ya maƙale a sama. Tsohuwar ta sa yatsa tana lallaɓawa, leɓunanta suna motsi da addu'a, da ƙyar ta sauko da shi. Daga nan kai ya fito. Namiji ne. Yana kwance a tafin hannunta laƙwas, ba motsi, ba sauti.

Ta share masa baki da hanci. Ta kifa shi tana murza bayansa. Ɗakin ya yi shiru, irin shirun da matar ta yini tana nema.

"Iya, bai yi kuka ba."

Tsohuwar ta ci gaba da murzawa. Ta juya shi, ta sa bakinta a kan nasa ta hura, ta sāke murzawa.

"Iya, don Allah ki sa shi ya yi kuka."

Ta sāke hurawa. Ƙirjin ya ɗaga. Yaron ya yi tari, ya yamutsa fuska, ya tsala kuka. Uwar ma ta fashe da nata, ba ta ko rufe baki ba.

Bayan an yanke cibiya, an yi wanka, tsohuwar ta zauna a bakin gado ta ce, "Tun hantsi ruwana yake kan wuta. Me ya hana ki kira ni?"

Ta sunkuyar da kai. "Kunya, Iya. A gidanmu ba a kuka."

"Haka suka gaya miki? Shekara arba'in ina wannan aiki, ban taɓa ganin wadda ba ta yi kuka ba. Ungozoma ce dai ba ta fita da maganar ɗaki waje."

Yaron ya rayu, ya girma, ya yi wayo. Amma hannun nan da ya maƙale bai taɓa yin ƙarfi kamar ɗayan ba, uwarsa kuwa ba ta taɓa ɗora laifin a kan kowa ba.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Matar nan ni ce, kai ne, ke ce. Ciwon kuwa shi ne abin da kake ɗauke da shi ka ɓoye, ko zunubi ne da ya kama ka, ko aure ne da yake rushewa a cikin ɗaki, ko bangaskiya ce da ta daɗe ba ta motsa ba. Ungozomar tana nuna mana Ubangiji Yesu. Ba ya nesa. Ya san halin da kake ciki tun kafin ka faɗa, ya tambaye ka ba sau ɗaya ba, ya kuma shirya. Ba sai ka iya doguwar addu'a ba, gama ƙaramin kira ma yana ji. Sai dai sakatar a cikin ɗakinka take, hannunka ne ya sa ta. Muna ce mata kunya don sunan ya fi daɗi, amma sau da yawa girman kai ne.

Kada kuma ku ruɗu da waɗanda kuke gani a majami'a kamar ba su taɓa durƙusawa ba. Dattawan nan da kuke sha'awa, kowannensu ya taɓa kuka a gaban Ubangiji. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Shi ne dai mai rufin asiri.

Ku lura da hannun yaron. Allah mai jinƙai ne, yana ceton wanda ya kira shi a makare. Amma jinkiri yakan bar tabo, sau da yawa kuma ba a jikin mai jinkirin ba, a jikin wanda bai san komai ba, wato matarka, ko 'ya'yanki. Ku mata masu juna biyu, ku ɗauki maganar nan yadda take ma: in ciwo ya zo, ku faɗa da wuri. Ku maza, kada "lafiya lau" ɗaya ta sallame ku.

Yanzu za mu yi addu'a mu tashi. A bakin ƙofa wani ɗan'uwa zai kama hannunka ya tambaye ka lafiya. Ka san abin da ka saba faɗa. Yau ka ɗan dakata kafin ka amsa.