Wanda Ya Yanke Shingen Bakin Rafi

An yi wani mutum a nan gaɓarmu, mai kiwon jatan lande. Ba zan kama suna ba.

Shekarar da jirgin dakon siminti ya kafe a kan yashi, cikinsa ya tsage, baƙin mai ya fara tsiyaya. Ma'aikatan gwamnati suka ja dogon shingen roba a kan ruwa, suka tare bakin rafinmu. Suka roƙe mu kada kowa ya taɓa shi, domin duk tafkunan kiwonmu daga rafin nan suke sha idan teku ta cika.

Shi kuwa siminti ya tsone masa ido. Ya gaji da ɗakin kwano, na bulo yake so, ga shinge ya hana kwalekwalensa fita.

Tsoho Mofizul, mai kula da ƙofar ruwan tafkunan, ya gan shi riƙe da adda, ya ce, "Ɗana, yau ruwa zai hau sosai. Mayar da addar nan."

Ya yi dariya ya ce, "Kawu, da furfurarka kake tsoron roba? In na dawo zan ɗaure."

Ya sare igiyar, ya wuce. Yana can yana lodin buhuna, ruwa ya riga shi komawa gida, ɗauke da man. Ni na ga tafkunan nan da idona, na yi kuka. Jatan lande sun taso sun mutu, agwagi sun kasa ɗaga fiffike, yara suka yi ta ƙaiƙayi har fatarsu ta saɓule. Tafkinsa ne na farko a bakin rafi, shi ya fi shan man. Har yau ba ya raya komai.

Simintin fa? Ruwa ya riga ya jiƙa shi, ya daskare a buhu. Matarsa Shefali ta ƙwanƙwasa ɗaya, ta tambaye shi ko dutse za ta dafa wa yara. Ta kwashe su ta koma gidan iyayenta. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, maƙwabtan da ya talauta ne suka haƙa masa kabari, kowa fuska a ɗaure.

Ya 'yan uwa, ruwan nan na wa ne? Wanda ya ɓata abin da jama'a ke ci da shi, haƙƙin gari guda ya ɗauka, har da na dabbobin da ba su da bakin kai ƙara. Wa zai bi ya roƙa gafara, kuma daga ina zai fara?

Allah ya kiyaye mu daga kwaɗayin da ke cin maƙwabci. Amin.