Zabuwa da Zaren Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Gizo ne ya ja zare gida gida a daji, ya ce kowa ya gaisa da danginsa kyauta. Shi kuwa ya zauna a tsakiya, kowace magana ta kansa take bi.

Zabuwa ta gaya wa yayarta ta zaren inda ta ɓoye 'ya'yanta. Kafin azahar Shaho ya sure ɗaya.

Ta je ta ce, "Gizo, wa ke jin maganarmu?"

Ya ce, "Haba Zabuwa, in ba ki da abin ɓoyewa, mene ne na damuwa?"

Ta ce, "Gaskiyarka." Amma ta hango naman da Shaho ya kawo masa, rataye a bayansa.

Ta koma gida ta kama zare, ta ce, "Yaya, na mai da sauran cikin kogon tsamiya." Kogon kuwa gidan rina ne.

Gizo ya tsegunta wa Shaho, Shaho ya je ya cusa kai cikin kogon, rina suka far masa. Ya fito ido a kumbure, ya ce, "Gizo, ni za ka sayar wa ƙarya?" Ya tsintsinke zaren kaf, Gizo ya tsere da kyar.

Zabuwa ta tasa sauran 'ya'yanta gaba har gidan yayarta, ta ba ta labari a kunne, suka yi ta dariya.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tatsuniya ta koma gida.