Yadda Iling ta hana wuta shiga kwalekwale

Kuna tambaya dalilin da ya sa mutanen Filifin ke cin kifin da bai ga wuta ba. Malama Erlinda, 'yar can da ta koyar da mu a Funtuwa muna 'yan mata, ita ta ba mu labarin ran da muka ga abincinta muka toshe hanci. Kai, zamani ya wuce.

Wai a da, masuntan tsibiransu da kaskon garwashi suke shiga teku, in yunwa ta taso su gasa kifi. Akwai wani masunci Dodong, da matarsa Iling. Wata rana iska ta kifar da kaskonsa, kwalekwale ya kama da wuta. Da iyo ya dawo, hannu duk ƙuna.

Da ya warke ya samu wani kwalekwalen, ya ɗauki kasko zai fita. Iling ta tare ƙofa.

"Baban yara, wuta ba za ta ƙara bin ka ba."

"To in ci me a can? Iska?"

"Ci iskar ka dawo mini da rai."

Ta fasa kaskon, ta miƙa masa goran ruwan kwakwa da citta, wai su riƙe masa ciki.

Rana ta doki goran har ruwan ya yi tsami. Yunwa ta matsa wa Dodong, ya yanka kifi ɗanye, ƙarni ya hana shi haɗiya. Sai ya zuba ruwan tsamin don ya wanke ƙarnin. Jim kaɗan naman ya yi fari tas, kamar dafaffe. Ya daddatsa citta a kai, ya ci ya ƙoshi, ya rago mata.

Iling tana bakin ruwa tun azahar. Da ya iso ta ga farin kifi, ta tare shi.

"Wa ya ba ka wuta?"

"Goranki."

Ta shinshina rigarsa, ta shinshina gashinsa, babu hayaƙi. Ya jiƙa wani kifin a gabanta ta gani. Ta zauna a kan yashi tana ci tana kuka.

Kafin wata ya mutu, babu kaskon da ya rage a garin, mata sun farfasa.

Shi ya sa har yau can suke jiƙa sabon kifi a ruwan tsami da citta da barkono, suna ce masa kinilau. Matan masunta kuwa, in sun hangi teku babu hayaƙi, sai su koma gida su ɗora shinkafa.