Kurege da Ƙuri'ar Gyaɗa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Shiru? Ko amsar ma sai an raba muku sabulu da atamfa? Ku ce ta zo mu ji ta. Yauwa. Ku matso, wannan ba a aji na koyo ta ba, don ni da aji ba mu daɗe tare ba, amma duk unguwar nan babu mai ba da ita kamar ni.

A dajin Gindin Ɗorawa namun daji suna da rumbun gyaɗa guda na gayya, kowace kaka kuma ana zaɓen Sarkin Rumbu. Aka zaɓi Biri, ya cinye. Aka zaɓi Ɓauna, ta cinye, ta kwanta a kan ragowar. Aka zaɓi Zomo don cikinsa ƙarami ne, ashe dangi gare shi. Kowa dai ya gaji.

Ga yadda suke zaɓensu. Kowa a ba shi ƙwayar gyaɗa ɗaya, ya je ya jefa a goran wanda yake so. In an ƙirga, kowane ɗan takara ya cinye abin da ke cikin goransa, mai rinjaye kuma ya karɓi rumbu. Ƙwayoyin da masu su ba su zo ba kuwa, ladan malamin zaɓe ne.

To, bana malamin zaɓe Kurege ne, 'yan takara kuma Kura da Gadu. Kurege ya dubi buhun ƙuri'u, yawunsa ya tsinke. Shi babu ruwansa da wanda zai ci zaɓe. Shi dai kada a fito.

Sai ya shiga gida-gida. Ya tarar da Bushiya tana shanyar kuɓewa.

"Gwaggo Bushiya, gobe za ki fito?"

"Ina tunani, ɗan nan. Ƙafar ce."

"Huta abinki, Gwaggo. Ai an riga an gama."

"An gama? Wa ya ci?"

"Wanda ya saba ci."

Bushiya ta ce, "Dama na faɗa." Ta ci gaba da shanyarta.

Ya je wurin Barewa. Barewa ta ce bara tun hantsi take kan layi har la'asar, abin da ta samu kawai kaska ce a kunne. Kurege ya ce, "Huta abinki, Yaya. Ai an riga an gama." Ya je wurin Zabuwa, ta ce ita in ba za a ba ta tsaba ba, ba ta ga abin da zai fitar da ita rana ba. Ya ce, "Bana ko tsabar babu. Huta abinki." Haka ya zagaye dajin, kuma ba wanda ya ba shi wahala, don wanda ke gyangyaɗi ba ya wuyar kwantarwa.

Gari ya waye, aka kafa goruna biyu a gindin ɗorawa. Dangin Kura suka zo suka jefa, dangin Gadu suka zo suka jefa, kowa ya kama gabansa. Shi ke nan masu zaɓen. Rana ta take, 'yan takara suka nemi inuwa suka miƙe. Alƙalin zaɓe kuwa Baba Kunkuru ne, tun jiya ya taso, har yanzu yana hanya.

Kurege ya kwance buhu. Ya ci ƙuri'ar Bushiya, ya ci ta Barewa, ya ci ta Zabuwa da ta 'ya'yanta, ya ci ya ci har ya kakkaɓe buhun. Da mai hankali ne da nan ya tsaya. Amma sai ya ji ƙamshi na tashi daga goruna. Ya ce a ransa, ƙuri'ar da aka jefa da wadda ba a jefa ba, ai ɗanɗanonsu ɗaya ne.

Ya shiga goran Gadu, ya share, ya fito da ƙyar. Ya matsa ya kutsa goran Kura, ya share. Ya zo fita, kai ya fita, kafaɗa ta fita, ciki ya ce shi kam nan ya ga wurin zama.

Yana cikin wutsil-wutsil sai ga Baba Kunkuru ya iso yana haki. Aka tashi 'yan takara. Aka kife goran Gadu, ko ɓawo bai faɗo ba. Aka ɗaga na Kura, sai ga kan Kurege yana leƙe.

"Sannunku da zuwa," in ji shi. "Ina duba lafiyar gora ne."

Kura ta lashe baki. "Baba Kunkuru, rubuta. Ina da ɗaya, Gadu ba shi da ko ɗaya. Na ci zaɓe. Kuma bisa al'ada, abin da ke cikin gorana nawa ne. Ƙuri'ar tawa ma mai kitse ce."

Kunkuru ya ce, "Haka doka ta ce."

Kura ta buɗe baki, har Kurege ya hango ganɗarta. Ya waiga ko akwai wanda zai sa baki, filin wayam, duk ya kwantar da su a gida.

Sai ya ce, "Ranki ya daɗe, ci ni, halalinki ne. Ni dai tausayin Kawu Gadu nake ji."

Gadu ya ɗago kai. "Me ya same ni?"

"Ba komai, Kawu. Ƙuri'unka ne a cikina, a nan ɓangaren hagu. Kuma da na ji nauyinsu, kamar sun ɗara nata. Amma tunda za ta haɗiye su, shi ke nan, Allah ya kai mu baɗi."

Gadu ya wasa haurensa a ƙasa. "Kura, ajiye goran nan."

"Gorana ne."

"Goranki ne, ƙuri'una ne."

"Sai ka jira su fito ta baya ka ƙirga, mai fuskar turmi."

"Ni kike zagi, mai ƙugu kamar an zauna a kai?"

Ta ja, ya ja, ta ja, ya ja, gora ya fashe. Kurege ya faɗo tim kamar buhu. Ya so gudu, ciki ya hana, sai ya mirgina ya rungume ƙafar Kunkuru.

"Baba, ni yanzu ba kurege ba ne, hujja ne. Ana cin hujja kafin shari'a?"

Kunkuru ya shigar da kai cikin ƙoƙonsa, ya daɗe, har aka zaci barci ya yi. Sannan ya fito ya ce, "Ba a cin hujja. Zaɓe bai kammala ba. Inkonkulusib ne. Kowa ya kawo shaidunsa, zan zauna in na huta."

"To rumbun fa?" in ji Kura. "Wa zai tsare kafin nan?"

"Sai a ba wani riƙon ƙwarya. Doka ta ce a ba wanda yake filin zaɓe, wanda ba ɗan takara ba, ba kuma alƙali ba."

Aka duba gabas, aka duba yamma. Ganyen ɗorawa kawai ke motsi.

Kurege ya yi gyaran murya. "Ni ba na son mulki, Allah ya sani. Amma hujja tana bukatar wurin ajiya mai kyau. Ku kulle ni a rumbun, kada wani ya taɓa ni."

Kura ta yarda don kada Gadu ya sace shi, Gadu ya yarda don kada Kura ta cinye shi. Su biyun suka ɗauke shi a kafaɗa, suka jefa shi cikin rumbu, suka liƙe bakin da laka, suka zauna gadi.

Da labari ya kai kunnen Bushiya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Allah ya sa ya rage mana iri."

Har yanzu Baba Kunkuru bai gama hutawa ba. In ka bi ta Gindin Ɗorawa za ka ga Kura a dama, Gadu a hagu, duk sun rame, daga ciki kuma kana jin ƙurus-ƙurus, mai riƙon ƙwarya na bakin aiki.

Ƙurunƙus kan kurege mai ƙiba. In ƙarya na yi, ku tambayi Kunkuru in ya farka. Darasin kuwa shi ne, ranar zaɓe ku yi kwanciyarku, kada rana ta ƙona ku. Ƙuri'a ba ta asara, akwai mai cinye muku ita.