Kyanwar da Ta Haihu a Rariya

Akwai wani mutum mai ɗan lambu a bayan gidansa, yana zaune da matarsa Afiniki. Lambun bai kai a kira shi gona ba, amma akwai abu guda a cikinsa da mutumin yake ji da shi, wato yayyafin barkono. Irin na mahaifiyarsa ne, wani gajeren barkono mai ƙamshi da ba a samunsa a kasuwa. A shekarar da ta wuce tsutsa ta yi masa ɓarna, abin da ya tsira bai cika tafin hannu ba. Da bazara ta shigo sai ya yayyafa shi duka a fage ɗaya, ya rufe da busasshiyar ciyawa. Safe da yamma yana jan guga yana ba shi ruwa, yana jiran damina ta zauna ya yi dashe.

Kun dai san bazara, ba sai na faɗa muku ba. Ka shiga ɗaki gumi, ka fito waje gumi, kaji sun buɗe baki a gindin rumbu. A cikin wannan zafi ne wata kyanwa ta fara zuwa lambun. Ba ta kowa ba ce. Ramammiya, kunnenta ɗaya a yage, ga ciki ya tsufa. Takan kwanta a gefen fagen barkonon inda ƙasa take da sanyi.

Ni da nake ba ku labarin nan, da ni ne, da takalmi zan bi ta. Ni da kyanwa ba ma ga maciji tun ranar da wata ta cinye mini busasshen kifi har kai. Amma shi mutumin ba haka yake ba. Irin mutanen nan ne masu son sanin dalilin kowane abu, ko tururuwa ya gani tana sauri sai ya tsaya ya ga inda za ta. Ya zuba wa kyanwar ruwa a kasko, ya ajiye mata guntun tuwo, ya koma gefe yana kallo. Sai ya lura da wani abu. In ya ja baya taku goma, za ta ci. In taku tara ne, ko sunsunawa ba za ta yi ba. Ya gwada yau, ya gwada gobe, haka dai. Ya ce a ransa, “Ikon Allah! Ko wa ya koya mata lissafi? Ko kuwa wa ya yi mata dukan da ta kasa mantawa?”

Ana nan sai ya daina ganinta kwana uku. A rana ta huɗu yana wucewa ta kusurwar gida, ya ji wani ɗan siririn kuka a ƙasa. Ya durƙusa ya leƙa. Ashe a cikin rariya ta haihu, 'ya'ya uku, idanunsu ko buɗewa ba su yi ba.

To, rariyar gidan nan shi ya gina ta da hannunsa. Doguwa ce, ta bi ƙarƙashin ɗakin kaji da katanga kafin ta fita waje. Duk ruwan da ya sauko daga kwanon gidan, da wanda ya zuba a tsakar gida, nan yake gangarowa. Wata hanyar guda ita ce ƙofar lambu, ita kuwa ya tare ta da tudun ƙasa don kada ruwa ya bi ta kan shukarsa. Da rani babu wurin da ya kai rariyar nan sanyi da duhu, kare ma ba ya iya shiga.

Mutumin ya ɗaga kai ya dubi sama. Shamuwa ta riga ta dawo kan tsamiya. Itatuwa sun fara toho, iska ta juya, da yamma kuma gabas takan yi duhu ta washe. Ya kira matarsa ya nuna mata.

Afiniki ta riƙe baki ta ce, “Baban Sila, ai ruwan farko kaɗai ya ishe su. Gwiwata ma tun jiya take gaya mini yana hanya.”

Ya sami tsohon kwando, ya shimfiɗa tsumma, ya ajiye a ƙarƙashin rumbu inda ruwa ba ya kaiwa. Da uwar ta fita neman abinci, ya zura hannu ya kwashe 'ya'yan ya zuba a ciki. Kafin ya gama ba barkono ruwa, ta dawo ta ɗauke su da baki ɗaya bayan ɗaya, ta mayar rariya. Kashegari ya sake. Wannan karon tana ciki bai sani ba, ta kai masa yakushi tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Da ya sake leƙawa, ta janye su can tsakiya, ƙarƙashin ɗakin kaji, inda hannu ba ya kaiwa ta ciki ko ta waje.

Afiniki tana wanke masa ciwon da ruwan gishiri tana faɗa. “Ka gani ko? Kai da shisshigi. Da ka bar su a bakin rami ai da sauƙi.”

Ya ce, “Gaskiyarki. Amma abin da nake so in gane, me take gani a ramin nan da ba ta gani a kwandon?”

Bai kai ga samun amsa ba. Bayan kwana biyu, wajen la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso ta kwashe shanya, kaji suka ruga ɗaki, sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Nan da nan tsakar gida ta cika, ruwa ya kama hanyar rariya, jawur da ƙasa.

Mutumin ya fito da gudu, ya jawo buhun yashi ya toshe bakin rariyar. Ruwa ya rasa hanya, ya fara hawa. Ya kai idon sawu, ya doshi ƙofar ɗakin kwana, ya fara tsiyaya ta gefen buhun. Mutumin ya dubi buhun, ya dubi ƙofar lambu. Sai ya ɗauki fartanya.

Afiniki ta ƙwala masa kira daga bakin ƙofa, “Baban Sila! Barkonon Inna fa! Ko ƙwaya ɗaya ba mu rage ba!”

Ya ce, “Na sani.”

Sara uku ya yi wa tudun. Ruwan gidan gaba ɗaya ya juya, ya bi ta ƙofar lambu, ya hau kan fagen barkono. Yana tsaye cikin ruwa yana kallon aikin kwana arba'in yana tafiya, ciyawa da ƙasa da tsiro duka. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya yi hawaye, domin da barkonon nan yake tunawa da miyar mahaifiyarsa.

Kafin faɗuwar rana ruwa ya ɗauke. Su biyu suka shiga lambu suna tona laka da yatsu ko za a sami tsiro guda mai rai. Ba su samu ba. Suna cikin haka sai ga kyanwa ta fito ta bakin rariya na waje, a bushe ƙayau, ko gashi ɗaya bai jiƙe ba. Ta yi miƙa, ta zauna tana lasar ƙafa. A bayanta ana jin kukan 'ya'yan, su uku cif. Mutumin ya ɗan matsa don ya gani da kyau. Ta auna shi da ido, ta ga tsakaninsu bai kai taku goma ba, ta banƙare ta yi masa huci.

Afiniki ta ce, “Kai jama'a! Dubi marar kunya. Ko godiya babu.”

Mutumin ya goge laka a wandonsa ya ce, “Bar ta, Maman Sila. Ai ba ta san ta nan ruwan zai bi ba.”

Haka ya bar tudun a fashe, buhun kuma a bakin rariya, har 'ya'yan suka yi ƙwari suka fito da ƙafarsu. A shekarar nan ba a ci barkonon Inna a gidan ba, ba a kuma sake cinsa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, kyanwar nan mu ne. Kada wani ya yi mata dariya, domin ba wawuya ba ce. Ta duba rami, ta ga sanyi, ta ga duhu, ta ga kare ba ya shiga. Duk abin da ta gani gaskiya ne. Abu ɗaya ne ba ta sani ba: ba ta taɓa ganin ramin nan da damina ba. Wanda ya gina gidan shi ya san inda ruwa yake bi. Mu ma kowa da rariyarsa. Wani abokan da suka rufa masa asiri a lokacin wahala, wani 'yar ƙaryar da ta fisshe shi sau ɗaya, wata kuma fushin da ta riƙe don kada a sake cutarta. Wurin ya yi mana daɗi da rani, sai mu kwashi abin da muka fi ƙauna mu kai can. In aka miƙo hannu a fitar da mu, mu kai yakushi, mu ƙara shigewa ciki.

Mai gidan kuwa Ubangiji ne. Ya kira, mun ƙi. Ya shirya mana wuri, mun koma rami. Da ruwa ya zo, bai tsaya yana cewa ai na faɗa muku ba. Ya juya shi ya bi ta kan abin da ya fi ƙauna, Ɗansa guda, wanda ba shi da wani bayansa.

Amma ga inda abin yake ci mini rai. Sau nawa muka fito a bushe muna miƙa, muna cewa wayonmu ne? Yaro ya gama makaranta ya ce ƙwaƙwalwarsa ce, bai san zannuwa nawa suka bar akwatin uwarsa ba. Magidanci ya ce shi ya iya riƙe gida, bai san sau nawa matarsa ta haɗiye magana don a zauna lafiya ba. Ni kaina na kai shekara talatin kafin na gane abin da yayana ya bari don in yi karatu, kuma kafin in je in ce na gode, an riga an binne shi. Har yau abin yana damuna.

Saboda haka a makon nan, kowa ya zagaya bayan gidan rayuwarsa ya duba. In ka ga kana a bushe alhali an yi ruwa, tambayi kanka, ta kan lambun wa ya bi? In mutum ne kuma yana da rai, je ka same shi tun yau. Sa'an nan ka durƙusa ka gode wa Mai gidan.

Ita kyanwa ba ta da laifi. Dabba ce, har ta mutu ba wanda zai iya zaunar da ita ya gaya mata abin da aka yi dominta. Ku kuwa, ga shi yau an gaya muku.