Mai Gonar Kaɗanya da Jikokinsa

A wani ƙauye an yi wani dattijo mai gona a bakin rafi. Gonar cike take da itatuwan kaɗanya da ɗorawa waɗanda ya gada daga mahaifinsa. Kowace damina ƙananan itatuwa sukan tsiro a tsakanin dawarsa, shi kuwa yakan gane su tun suna ganye biyu. In yana noma sai ya kewaye su da fartanya ya bar su, domin in manyan sun mutu, waɗannan su maye gurbinsu.

Amma mutumin nan bai yarda da kowa ba, balle yara. In ya ga reshe a karye, yara ne. In akuya ta shiga, yara ne suka buɗe mata shinge. Har jikokinsa biyu da suke zaune a gidansa, Liyatu da ƙanenta Kefas, bai taɓa barin su taka gonar ba. In sun kai masa abinci, a bakin shinge suke tsayawa.

Wata rana Kefas ya ce, "Kaka, ka bar mu mu taya ka noma mana."

Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Na san abin da kake nema. 'Ya'yan kaɗanya ne suke ɗaukar maka ido. Koma gida."

Ana nan, a tsakiyar damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Ciyawa tana cin gona, shi yana kan tabarma. Sai ya lura yaran suna raɗa a bayan rumbu, in ya yi tari su yi tsit. Da safe su fita da fartanya, su dawo da laka a ƙafa. In ya tambaye su inda suka je, sai su dubi juna su yi murmushi. Zuciyarsa ta fara saƙe-saƙe. Ya tuna da masu ƙona gawayi na hayin rafi, waɗanda suka daɗe suna sa wa itatuwansa ido. Ya ce a ransa, "Sun ga na kwanta, sun haɗa baki da yaran nan." In Liyatu ta kawo masa kunu, sai ya kafa mata ido har ta sunkuyar da kai, ya ce ai ga shi, rashin gaskiya ne.

Da ya ɗan ji ƙarfi, bai gaya wa kowa ba, ya dogara sanda ya bi sawunsu. Manyan itatuwa suna nan tsaye, ba wanda aka sare. Amma da ya dubi ƙasa sai ya tsaya cak. An nome gonar fes kamar tsakar gida. Ƙananan itatuwan da ya yi shekara da shekaru yana kiyayewa duk an sare su tare da ciyawa, an tara a gefe suna bushewa.

Yaran suka hango shi, suka taho a guje da murna. Kefas ya ce, "Kaka, ka ga aikinmu? Mun so sai mun gama mu nuna maka!"

Ya daka musu tsawa. "Wa ya aiko ku? Ku faɗi gaskiya, wa ya sa ku kashe mini itatuwa?"

Kefas ya ɓuya a bayan yayarsa. Liyatu ta ce, "Ba mu taɓa itace ko ɗaya ba, Kaka. Ciyawa kaɗai muka nome."

Ya zaro wani tsiro daga cikin tarin. "Wannan ciyawa ce?"

Ta duba da kyau, idonta ya cika da hawaye. "To, mene ne, Kaka? Ai ba ka taɓa nuna mana ba."

Dattijo ya dubi tsiron da ke hannunsa. Ya zauna a ƙasa. Can sai ya ce, "Ku matso." Ya tona ƙasa da yatsa, ya nuna musu saiwar da ta rage. "Wannan kaɗanya ce. Tun da ba a tumɓuke ta ba, za ta sake toho, sai dai a hankali. Ni ba zan ga 'ya'yanta ba. Ku dubi ganyen da kyau."

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Gonar ita ce ƙasar da Ubangiji ya danƙa mana amana, da itatuwanta da rafukanta. Dattijon kuwa mu ne, iyaye da dattawan ikkilisiya. Mukan ce yaran yanzu sun lalace: suna cinna wa daji wuta don farautar ɓera, suna toshe magudanar ruwa da leda. Zargi muka iya. Amma wane ne a cikinmu ya kama hannun ɗansa ya nuna masa abin da wutar take cinyewa? Yaran misalin nan ba mugunta suka yi ba. Da ƙauna suka fita, rashin sani ya mai da ƙaunar ɓarna, kuma rashin sanin daga wurin kakansu ya fito.

Ku kuma yara, kafin ku sa hannu a kan halittar Allah, ku tambaya. Mu manya, wata rana dole mu kwanta, fartanya ta koma hannunsu. Ranar nan, abin da muka nuna musu ne kaɗai zai tsira.