Jirgin da Kurege Ya Haɗa a Cikin Ɗaki

Ga ta nan, ga ta nanku, ban da mai gyangyaɗi!

Ta zo mu ji ta, Baba Tsoho!

Kurege ne da matarsa Ladingo, sun tsufa tare. Rannan aka aiko daga ƙetaren gulbi cewa yayarta na kwance, tana so ta gan ta. Ga gulbi ya cika. Ladingo ta daina cin abinci, kullum tana bakin ruwa tana kallon tsallake.

Abin ya taɓa Kurege. Ya ce, "Share hawayenki. Jirgi zan haɗa miki, wanda iska za ta tura."

Ta ce, "To Maigida, kira gayya mana."

Ya ce, "Gayya? In dafa wa ƙartin gari tuwo? Kura kaɗai sai ta cinye rumbu!"

Don kar maƙwabta su gani su kawo taimako, sai ya shige ɗaki da katakonsa, ya turo ƙofa. Ni na ara masa gizago, har yau bai maido ba. Ya sassaƙa, ya buga ƙusa. Ya sassaƙa, ya buga ƙusa. Ya toshe ɓaraka da auduga da ƙaro, ya kafa gora a tsaka. Ladingo ta ciro zanen aurenta ta ce, "Ɗaura wannan, ya san hanyar gidanmu."

Jirgi ya yi kyau. Aka zo fita, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. A juya nan, ya ƙi. A juya can, ya ƙi. Ladingo ta koma gefe ta zauna tana kallonsa. Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Sai ga Giwa tana wucewa, ƙaiƙayi ya dame ta. Kurege ya ce, "Ranki ya daɗe, bangon nan nawa da magani aka kwaɓa shi. Goga kaɗan ki ji."

Giwa ta goga. "Wayyo daɗi!"

"Ƙara kaɗan."

Rugum! Bango ya zube.

Kurege ya ɗora hannu a ka. "Ɗakin da na gada! Kin kashe ni!"

Kunya ta kama Giwa. Ta ce, "Me zan yi maka?"

Ya ce, "Ba komai. Kai mana jirgin nan bakin ruwa."

Giwa ta kai, suka shiga, iska ta cika zane. Ashe gogan bai taɓa hawa ruwa ba. Ya runtse ido yana salati, Ladingo na riƙe da jelarsa tana dariya, dariyar da rabonsa da jin ta tun farkon damina.

Suka tarar da yaya da rai. Da ta ga ƙanwarta, har ta tashi ta sha kunu.

Ladingo ta raɗa masa, "Maigida, yanzu ina za mu koma? Ba mu da ɗaki."

Ya leƙa tukunyar gidan ya ce, "Wa ya ce za mu koma?"

Kurunkus! Wanda zai rushe ɗakinsa, ya fara tabbatarwa surukansa na da babban rumbu.